Amsoshin Tambayoyinku: Gobarar takin zamani da ta cinye 'yan kwana-kwana

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko a yau daga Damagaram ta fito. Mai tambayar ya ce, fashewar nan ta tashar jiragen ruwa ta Beirut a 2020, wadda ta hallaka 'yan kwana-kwana goma tashi ɗaya, shin an taɓa ganin irinta?

To malam, an taɓa, kuma wadda ta fi ta cin rayuka. Ranar 16 ga Afrilun 1947, a garin Texas City na Amurka, wuta ta tashi a cikin wani jirgin ruwan Faransa mai suna Grandcamp, wanda aka yi wa lodin takin zamani na amoniyam naitiret kusan tan 2,300. Kyaftin ɗin jirgin bai so ruwa ya ɓata masa kaya ba, sai ya sa aka toshe ƙofofin ɗakin kayan, aka tura tururi ciki, wai don wutar ta shaƙe. A nan aka tafka kuskuren. Shi wannan taki idan ya ɗau zafi, da kansa yake ba wuta iskar da take ci, rufe shi kuwa tamkar danne murfin tukunya ne tana tafarfasa.

Hayaƙin da ke fita mai ruwan lemo ne, gwanin kallo, har mutanen gari suka yi dafifi a bakin ruwa. 'Yan kwana-kwanan, waɗanda 'yan sa-kai ne, suna riƙe da mesa suna ta feshi, ruwan na taɓa jikin jirgin yana komawa tururi. Ƙarfe 9:12 na safe jirgin ya tarwatse. 'Yan kwana-kwanan garin 27 suka rasa rayukansu, har da shugabansu Henry Baumgartner. Angar jirgin mai nauyin kusan tan 2, sai fiye da kilomita 2 daga wurin aka tsince ta. Cikin dare wani jirgin, High Flyer, shi ma ya fashe. Aƙalla mutum 581 suka mutu.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne na Beirut ɗin. Bayan shekara 73 da wancan, tan 2,750 na wannan sinadari ya kai shekara shida jibge a sito mai lamba 12, hukumomi kuma sun san da zamansa. Amma mutum goman nan da aka tura kashe wutar, ba wanda ya gaya musu abin da ke bayan ƙofar.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai wasiƙa ta gaba.