Sauya Rufin Gida: Abin Da Za Ka Gani Daga Ranar Da Kafinta Ya Hau Sama

Assalamu alaikum, masu kallonmu. In kana da niyyar cire tsohon kwano ka ɗora sabo, ka yi aikin da rani, tsakanin Nuwamba da Maris. Da Afrilu ta kama, hadari na iya haɗuwa da yamma gidanka na buɗe, kuma iskar farkon damina ta fi kowace yaye rufi.

Da farko kafinta zai zo awo. Kada ka amince wa wanda zai tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya yanke maka kuɗi. Ya hau, ya leƙa cikin silin, ya ƙwanƙwasa katako. Sannan ya rubuta maka a takarda: kwano nawa, katako nawa, ƙusa nawa, kuɗin aiki daban. Kwano na gama-gari a bandir ake sayar da shi, falle 20 a bandir. Dogon kwano na alminiyom kuwa yanka shi ake yi daidai tsawon rufinka, galibi mai kaurin milimita 0.45 ko 0.55. Ka je da kanka ka sa a auna kaurin a gabanka, don ido ba ya bambance su.

Kwana ɗaya kafin aiki, ka sanar da maƙwabta cewa za a hau sama. Wanda ke kan rufi yana hangen tsakar gidan kowa, iyalinsu na da haƙƙin su kimtsa. A cikin gida a sauke duk abin da ke rataye a bango, a rufe gadaje da kwanukan abinci da leda, a kashe wutar lantarki tunda wayoyi na cikin silin. Tsofaffi da jarirai su yini a gidan 'yan uwa. Ƙarar guduma a kan kwano ba ta barin kowa ya runtsa, ga ƙurar shekaru da za ta zubo.

Ranar da aka yaye tsohon kwano ce ranar gaskiya. Nan za ka ga katakon da gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo, da wanda yoyo ya ruɓar. Kusan kullum sai an samu ƙarin kashe kuɗi a nan, saboda haka ka ware wani abu tun farko. Ina roƙonka, kada ka bari a ɗora sabon kwano a kan mataccen katako don ka rage kuɗi. A shafa wa sabon katako maganin gara kafin a hau da shi. Kuma ka tsaya ka ga yadda aka ɗaure shi da gini: a lanƙwaso rodin da ya fito daga kankare a kan katakon, ko a ɗaure da ƙarfe mai ƙwari. Rufin da iska ke ɗaukewa ɗungurungum ta jefar a layi, yawanci nan aka yi masa sakaci, ba a launin kwano ba.

Wajen bugu, ƙusa kan tudun kwano take shiga, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma da robarta. Falle ya hau kan falle sosai. In gidanka mai katangar da ta zagaye rufi ne, ka sa ido a mahaɗar kwano da bango da kuma bakin indararo, nan yoyo ke farawa. In tsohon rufin na asbestos ne, wato fallen rufi mai kama da siminti, kada a fasa shi, ƙurarsa na cutar da huhu.

An gama? Tukuna. A share tsakar gida, a bi da maganaɗisu a tsince ƙusoshi kafin yara su fito ba takalmi. Tsohon kwanon naka ne, 'yan gwangwan na saye. Ka ba da kafin alƙalami, amma ka riƙe wani kaso na kuɗin aikin, ku yi yarjejeniya tun farko cewa sai an kwarara ruwa a kan rufin, ko ruwan farko ya sauka ka duba silin ɗaki-ɗaki, sannan ka cika masa.