Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Bikin Karrama Tsohon Ɗan Kokowa, Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. Mai girma Gwamnan jihar Tawa, iyayenmu sarakuna, malamai, 'yan kokowa na jiya da na yau, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, kun sha hanya tun daga Yamai, fiye da kilomita 500. Sannu da gajiya, Adar na yi muku lale marhabin.

Kun sauka a garin da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975, zamanin Seyni Kountché, shekarar da Kantu na Maradi ya tafi da takobin farko. Daga baya Kadade ya ɗauko mana shi zuwa gida, Salma Ɗan Rani ya kai shi Dosso. Yanzu jihohi 8 ke turo 'yan kokowa goma-goma, ƙasa duka ta koma gaban talabijin har ranar ƙarshe.

Amma wanda ya tara mu yau bai taɓa riƙe takobi ba. Ga shi nan zaune a damanku, ya miƙe ƙafa ɗaya don gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Mu 'yan wasan kwaikwayon garin nan Baba muke ce masa.

A kokowar kaka ya taso, wadda ake yi bayan an ɗaure damman gero an cika rumbu, ƙauye ya gayyaci ƙauye, a yi ta kiɗa da farin wata. Tsofaffi sun ce in ya ɗaura warki, ya jera layu a damtse, ya tsaya tsakiyar fili yana kirari, samari da yawa sukan ja da baya. Rana ɗaya gwiwar ta goce a wani karo, shi ke nan. Makaɗan da ke wasa shi suka koma bayan wani. Ya taɓa gaya mini cewa damina biyu ya yi bai bi ta hanyar fili ba, don kada ya ji ganga.

Da ya dawo, cikin 'yan cali-cali ya dawo, masu ba da dariya tsakanin karo da karo. Wasu abokansa sun ga kamar ya zubar da girma. Ni kuwa ina yaro na ga ranar da magoya bayan ɓangare biyu suka fara ɗaukar duwatsu saboda hukuncin alƙalin wasa. Baba ya shigo da tsumma cushe a ciki, ya kama kokowa da iska, iskar ta kada shi, ya tashi yana rantsuwa cewa santsi ne. Fili ya ɓarke da dariya, duwatsu suka zube ƙasa.

Daga nan ya hau dandamali, a lokacin da irin su Yazi Dogo suka sa wasan kwaikwayon Hausa ya shiga kowane gida a Nijar. Ba a cika ba shi babban matsayi ba. Shi ne maigari mai rowa, shi ne boka maƙaryaci, shi ne surukin da ba ya yafe ko dala. Minti biyar zai yi a wasa, amma maganarsa ce za a kwana ana maimaitawa a kasuwa. Ya koya mana cewa kafin ka buɗe baki, tafiyarka ta riga ta faɗi ko kai wane ne, kuma a fili ya koyi wannan, wurin karantar ƙafar abokin karo.

Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin Baba suna da yawa a Adar, tsofaffin 'yan kokowa masu ciwon gwiwa da baya, waɗanda kuɗin magani ke gagara. Muna roƙon a dube su tun suna raye. Muna kuma roƙon a ɗauki kirarinsu da labaransu a faifai, don da yawansu a ka kawai suke.

Allah ya ja zamaninku, ya maida ku gida lafiya. Ga ruwa, a sha a huta. Yara sun shirya ɗan gajeren wasa, kuma Baba ya ce shi zai fito a maigari, da sandarsa.