Tallafin awo: yadda Birtaniya ke haɗa kamfanoni da masana kimiyya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan kasuwa da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Maganata ta yau a kan awo ce, kuma Birtaniya zan kai ku, domin a can gwamnati ta ware kuɗi musamman don kamfanin da awo ya gagare shi. Hukumar da ke bayarwa ita ce Innovate UK, shirin kuma ana kiran sa Analysis for Innovators, a taƙaice A4I.

Bari in kawo muku misali don ku gane irin matsalar. A ce kana da masana'antar garin madara. Injin ɗaya ne, ma'aikatan ba su canza ba, amma wani buhun ya fito lafiya lau, wani kuma kafin ya yi wata biyu a shago ya dunƙule. Ka zargi danshi, ka sa na'urarka ta auna, ta nuna maka duk ɗaya suke. Dillalai suna ta dawo maka da kaya, asara tana hawa. Ka tabbata akwai abin da ya bambanta buhunan nan biyu, amma ba ka da abin da zai nuna maka shi. To, irin wannan mutumin shirin yake nema.

Abin da ya fi burge ni shi ne matakin farko. Ba a ce ka zo da mafita ba. Matsalar kawai za ka bayyana, har da ɗan gajeren bidiyo, ka faɗi abin da ka gwada bai yi ba da kuma asarar da kake tafkawa. Idan ta samu karɓuwa, sai a zaunar da kai da masana daga cibiyoyin bincike na ƙasa, su yi maka tambayoyi, ku tsara aiki tare, sannan ku nemi kuɗin tare. Aikin gajere ne, na 'yan watanni, kuma tallafin yana biyan lokacin masanan da amfani da na'urorinsu. Akwai sharaɗi mai ma'ana: in matsalarka irin wadda kowane ɗakin gwaji na kuɗi zai warware ce, ka je can ka biya. Kuɗin jama'a na abin da ya gagari kasuwa ne.

Su wa ake haɗa ka da su? Babbarsu ita ce NPL, wato cibiyar awo ta ƙasar Birtaniya, da ke Teddington a Landan, wadda aka kafa a 1900. A nan Louis Essen ya ƙera agogon atam na farko mai sahihin lokaci a 1955. A nan kuma Bryan Kibble ya fito da ma'aunin da aka dogara da shi lokacin da duniya ta sake fayyace kilo a 2019. Akwai ɗakin gwaji na ƙasa da ke ƙarƙashin kamfanin kimiyya na LGC, masu awon sinadarai da abinci da magunguna. Akwai kuma ɗakin gwajin injiniyanci na NEL a East Kilbride ta Sikotilan, waɗanda aikinsu auna abin da ke gudana cikin bututu. Kada ku raina wannan. In mai da ruwa da iskar gas suka cakuɗu a bututu ɗaya, sanin nawa ne man a ciki aiki ne ja, kuma da wannan lissafin ake biyan kuɗi da haraji.

Ƙaramin kamfani ba zai taɓa iya sayen irin waɗannan na'urori ba, ko ya saya ba shi da mai sarrafa su. Masanin kuma yana zaune da ilimi bai san ana neman sa a masana'anta ba. Da annobar korona ta zo a 2020, NPL ma ta buɗe nata shirin na taimakon kamfanoni kyauta don su farfaɗo.

Me ya haɗa mu da wannan? Ku tuna 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari, wanda muka fi sani da ota-fiya-fiya. Iyakar da suka gindaya ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo. Wallahi abin yana yi mini ciwo, domin mai fitar da waken sau da yawa sai kayansa sun isa tashar jirgin ruwan Turai yake jin abin da ke cikinsu. Haka gyada take fama da gubar afulatoksin da fumfuna ke haifarwa. Muna da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, muna da jami'o'i masu ɗakunan gwaji a Zariya da Kano. Shawarata ga masu riƙe da asusun tallafin bincike ita ce su ware wani kaso wanda ɗan kasuwa ne zai fara kawo kukansa, malamin jami'a ya biyo baya da na'ura, a biya su tare.

Shugaban taro ya ɗaga mini hannu, don haka masu tambaya bismillah.