Gadar Boieldieu: na je neman zuciyar wani mai waƙa a Ruwan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a tsakiyar gada nake tsaye, kogin Sen ne kuke gani a ƙasa. Wannan garin namu Faransawa na rubuta shi Rouen, amma in sun faɗa sai ka ji "Ruwan", kuma wallahi sunan ya bi shi, don tun safe ake yayyafi. Shekara biyu ke nan ina taka gadar nan zuwa wurin aiki, ban taɓa tambayar mai sunanta ba, sai da wata tsohuwa maƙwabciyata ta kama ni ina karanta shi harafi-harafi kamar ɗan aji ɗaya. Ta yi dariya har da tari, ta ce "Bwaldiyo" ake cewa, kuma mai tsara kiɗa ne, ɗan garin nan.

To yau ba aiki, ku biyo ni.

In ka sauka gadar ka miƙe titin Grand-Pont, ga babban cocin nan da Monet ya yi ta zanawa. A garin nan aka haifi François-Adrien Boieldieu ranar 16 ga Disamba 1775. Mahaifinsa magatakarda ne a ofishin babban limamin cocin, shi ya sa yaron ya tashi a gindin Charles Broche, mai kaɗa ogan, wannan ƙaton abin kiɗan mai bututu birjik. A 1793, ana tsakiyar juyin juya hali, bai cika sha takwas ba, aka nuna wasansa na farko a nan Ruwan. Baban ya rubuta baitoci, ɗan ya sa kiɗa. Daga nan sai Faris, inda ya fara da gyaran muryar fiyano a gidajen mutane kafin ya samu koyarwa a babbar makarantar kiɗa.

Abin da ya shahara a kai shi ne opéra-comique. Ni ma da na ɗauka wasan barkwanci ne zalla, ashe ba dole ba. Tsarin shi ne 'yan wasa su yi magana kamar ni da kai, sai a tsinke da waƙa, a dawo magana, a sake waƙa. Wanda ya girma da finafinan Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ai Carmen, shahararriyar opera ta mai tsara kiɗa Bizet, ma a wannan layin take, alhali da kisa ta ƙare.

Wasan da ya fito da shi, a 1800, shi ne Le Calife de Bagdad, wato Halifan Bagadaza. Halifa ne ke ɓad da kama yana yawo cikin gari da sunan bogi, ya ceci wata yarinya daga 'yan fashi, ya zo neman aurenta, uwar kuma ta ɗauka shi kansa ɗan fashi ne. Da na ji haka sai na tuna kakata a Damagaram da labaran Haruna Rashidu na Dare Dubu da Ɗaya. Ana ba da labari cewa bayan wasan ya karɓu, Cherubini, wani gwani ɗan Italiya da ke Faris, ya tare shi ya ce ko bai ji kunyar yabon da bai cancanta ba. Maimakon ya yi fushi, sai ya koma ɗaukar darasi a wurinsa. Ni kam da ni ne, da an ji mu.

Aurensa da wata mai rawa a 1802 bai yi daɗi ba, sai ya tattara ya tafi Rasha, ya yi shekaru wajen bakwai yana tsara wa fadar Sarki Alekzanda na Ɗaya kiɗa a San Fitasbag. Ɗan ci-rani ne shi ma, sai dai nasa sanyin ya fi nawa.

Bari in fake a nan in ba ku wanda ya fi burge ni. La Dame blanche, Mace Mai Fararen Kaya, an fara nuna shi ranar 10 ga Disamba 1825. Marubucin wasan, Eugène Scribe, ya ɗebo labarin daga littattafan Walter Scott, kuma a ƙasar Sikotilan labarin ke faruwa. Wani tsohon gidan sarauta ne magajinsa ya ɓace tun yana yaro, wakilin gidan, Gaveston, ya shirya a yi gwanjonsa don ya saye da arha. Manoman yankin suka haɗa kuɗi suka shiga tayi, kuɗinsu ya ƙare. Sai wani matashin soja, Georges Brown, wanda aljihunsa ba komai, ya fara ƙari, saboda wata fatalwa mai fararen kaya ta umarce shi cikin dare. Fatalwar nan Anna ce, marainiyar gidan, ta yafa mayafi, kuma ta san inda dukiyar gidan take ɓoye. Jama'a, duk gwanjon nan da waƙa ake yinsa! Wannan ya taya, wancan ya ƙara, alƙali na jiran ya sallama, kiɗa na hawa tare da farashi, muryar Gaveston na kumbura don haushi. Na kalla a YouTube sau uku. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu ana ja-in-ja da dillali zai gane wurin nan ko bai iya Faransanci ba. Sojan ne magajin da ya ɓace, wannan kam tun farko na cinka, labarin bai da wani zurfi, kiɗan ne ke riƙe da shi. Zuwa 1862 gidan wasan Opéra-Comique ya nuna shi sau dubu.

Ƙarshensa ne ba daɗi. Wasansa na 1829 bai karɓu ba, juyin 1830 ya tafi da kuɗin fanshonsa, ciwon maƙogwaro kuma ya cinye muryarsa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rubuta wa wasu abin rerawa. Ya rasu ranar 8 ga Oktoba 1834 a Jarcy, kusa da Faris.

Yanzu kun ji ina haki, tudu na hawo. Nan ce maƙabartar da suke kira Cimetière Monumental, a saman gari. Gawarsa na maƙabartar Père-Lachaise a Faris, amma zuciyarsa an ciro ta an kawo nan garinsu an binne. A al'adarmu wannan abu ne da ko a mafarki, na faɗa wa Inna a waya jiya ta yi salati ta ce kar in kuskura in daɗe a wurin. Ga hasumiyar cocin can ƙasa cikin hazo, gadar kuma na bayanta, ba ta fitowa sosai a kyamara. Ruwan ya ƙaru, lemata ta karye tun a gada, cajina saura kashi tara. Bari in nemi mai gadi ya nuna min layin kabarin kafin su rufe ƙofa.