Muryar da ke kiran sunanka alhali babu kowa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abubuwa huɗu na zo da su yau, in lokaci ya bar mu.

Na farko tambaya ce. Wa ya taɓa kwanciya, barci ya fara fizgarsa, sai ya ji an ƙwala masa kira, ya tashi ya leƙa tsakar gida, babu kowa? A ɗaga hannu. Alhaji, na ga naka ya tashi rabi ya koma (dariya). To kun ga yawanmu. A 2015 an fitar da sakamakon wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da ya tambayi mutum sama da 31,000 a ƙasashe 18, har da Najeriya. Kusan 5 cikin 100 sun taɓa ji ko ganin abin da babu shi, ido biyu, ba cikin magagin barci ko maye ba. Akasarinsu kuma abin bai wuce musu sau biyar ba a duk rayuwarsu.

Na biyu, kuma nan ne zuciyata take. Kowa ya yi wa kansa cakulkuli yanzu. Ku yi mana! Akwai wanda ya yi dariya? Babu. Amma da na kusa da kai ne ya taɓa ka, da ka zabura. Dalili shi ne, duk motsin da za ka yi, ƙwaƙwalwa tana aika wa sauran sassanta sanarwa tun kafin ya faru, cewa wannan daga gida ne, kada a firgita. Kamar hatimin da ake buga wa takarda a ofis. To magana ma haka take. Dukanmu muna zancen zuci daga safe har dare: kuɗin haya, kuɗin makaranta, abin da uwar miji ta faɗa jiya. Kowace kalma da hatiminta, mai cewa ni na faɗa, ni na faɗa. Masana da yawa suna ganin ranar da hatimin nan ya kuskure, sai maganarka ta dawo maka kamar ta baƙo. Har an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu jin murya a daidai lokacin da suke ji, aka ga ɓangaren da ke haɗa magana yana aiki. Maganar a cikin gida aka yi ta, hatimi ne babu. Ina so ku riƙe wannan, hatimi ne babu.

Me ke sa mai buga hatimin ya yi sakaci? Gajiya, damuwa, kaɗaici, zazzaɓi mai zafi, sai kuma wani babba a cikinsu, rashin barci. A Amurka, a garin San Diyego, wani ɗalibi ɗan shekara 17, Randy Gardner, ya yi kwana 11 bai runtsa ba, ya kammala a Janairun 1964. Cikin 'yan kwanaki ya fara ganin abin da babu, lissafi ya gagare shi. Da ya samu ya kwanta, ya yi barcin awa 14 da ɗoriya, hankalinsa ya dawo. Yanzu ku tuna direbanmu da ya taso daga Legas zai Kano, goro a baki, ya kora da shayi mai kauri, wani ma har da tiramol. Ko ɗalibar da ke kwana karatu saboda jarrabawa. Ko mai jinyar tsohuwa a asibiti, mako guda a kan tabarma. Wallahi suna ba ni tausayi, don da sun faɗa sai a ce an yi gamo, su kuwa barci jikinsu ke roƙo.

Na uku... a'a, na huɗu ke nan ko? Bari in haɗa su. Mai takaba da ta ji muryar maigidanta: wani likita a yankin Wales, Dewi Rees, ya tambayi kusan mutum 300 da abokan zamansu suka rasu, a 1971 ya wallafa cewa kusan rabi sun ji kamar mamacin na kusa, wasu har muryarsa. Wannan kewa ce. Amma in murya ta zauna ko bayan an ƙoshi da barci, tana zagi, tana ba da umarni, mutum ya daina wanka, yana zargin kowa, to sai asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa: Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri.

Na'am Hajiya, a miƙa mata abin magana.

(Wata dattijuwa ta ce 'yarta kwana tara da haihuwa, ba ta barci ko jariri ya yi shiru, tana cewa ana yi mata magana a kan yaron. An fara rukiyya.)

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Wannan ba irin wanda na ce barci zai warkar ba ne. Akwai ciwon da ke kama mai jego, mace ɗaya ko biyu cikin haihuwa 1,000, galibi a makonni biyun farko, kuma yana jin magani sosai in an yi sauri. Addu'a a ci gaba da ita, ban hana ba, amma kada a jira a yi arba'in. A daren nan kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, a samu mai kwana da su. In kuma muryar tana cewa ta cutar da kanta ko yaron, ba a jiran safiya. Ki tsaya bayan an tashi, Hajiya, in rubuta miki takardar da za ku tafi da ita.