Kwana Goma a Cikin Mota: Yadda Muka Zagaye Ayislan

Maryam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Yaya Usman da Anti Hauwa sun dawo mana daga Ayislan, tsibirin nan da ke arewacin Turai, inda suka yi kwana goma a irin motar nan mai gado da wurin girki a ciki. Yaya, duk wanda ya ga hotunan da ka riƙa turowa cewa zai yi kun huta.

Usman: An huta, Maryam, sai dai hoto ba ya nuna ɗawainiyar da ke bayansa. Babbar hanyar da ta kewaye ƙasar muka bi, wadda suke kira Hanya ta 1. Ta haura kilomita 1,300, kuma sai a 1974 aka gama haɗe ta. Daga Reykjavik muka tashi, muka bi kudu ta Vik, muka zaga gabas har Akureyri a arewa. Amma abin da nake kwana da shi nake tashi da shi, ruwa ne da batir.

Hauwa: Ruwan ni ya fi damu. Jarka ɗaya ce, ita ce sha, ita ce girki, ita ce wanke-wanke. Kafin kwana uku na koyi goge kwano da takarda tukuna, sannan in ɗauraye da kofi guda. Ruwan dattin ma ba a zubar da shi a ko'ina, akwai inda aka keɓe masa a sansani, wato filin da aka tanada don masu kwana a mota ko tanti.

Maryam: To batir fa?

Usman: Biyu ne a motar. Na biyun shi ke riƙe da firji da fitilu da fankar hita, kuma sai ana tafiya yake cika. In wuri ya yi miki daɗi kika yi kwana biyu ba ki motsa ba, da tsakar dare sanyi zai tashe ki. Ko a watan Yuni, dare ba ya yiwuwa sai da hita.

Maryam: Ni na ɗauka duk inda ido ya ga kyau sai a faka a kwana.

Usman: Da yawa haka suke zato. Tun 2015 doka ta hana kwana a irin wannan mota a wajen sansani, sai da izinin mai fili. Wallahi na ga dalilinsu. Gansakukar da ta lulluɓe duwatsun can, in taya ta taka ta, sai ta yi gomman shekaru ba ta farfaɗo ba. Shi ya sa sauka daga hanya da mota ma laifi ne.

Hauwa: Ka manta iska.

Usman: Wa zai manta da ita? Ranar da muka karɓi mota, gargaɗin farko da aka yi mana kan ƙofa ne. Iskar can tana fizge ƙofa ta lanƙwasa ta, kuma galibi inshora ba ta biyan wannan. Sai ki juya gaban mota ya fuskanci iskar, ki riƙe ƙofa da hannu biyu, mutum ɗaya ya fita kafin ɗaya ya buɗe tasa. Gudu kuma iyakarsa kilomita 90 a awa a kwalta, 80 a burji. Ga gadoji da mota ɗaya kawai ke wucewa, ga tumaki a bakin hanya. In kin ga uwa a nan, ɗanta a can, rage gudu, tsallakowa zai yi.

Maryam: Anti, wanka fa? Shi nake ta son tambaya.

Hauwa: Wasu sansanonin suna da wurin wanka. Amma kusan kowane gari yana da wurin ninkaya mai ruwan zafi, yawanci daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kuma ƙa'ida ce sai an yi wanka da sabulu kafin a shiga. Wani wurin za ki ji ruwan zafin yana ɗan warin farar wuta, ba komai ba ne. Abin da ban yi tsammani ba shi ne raɓa. Numfashinmu da tururin girki su taru cikin dare, da safe gilashi ya jiƙe sharkaf, bargo ya yi danshi. Dole a bar taga a ɗan buɗe duk da sanyin.

Usman: Ga kuma hasken. Sha biyun dare kina ganin komai tangaram, gari ba ya yin duhu. Sai mun ja labule mun rufe ido da ƙyalle.

Maryam: Mutum biyu, kwana goma, a wurin da bai kai ɗaki ba. Ba a sami saɓani ba?

Hauwa: An samu mana. Gadon shi ne kujera, shi ne teburin cin abinci. Ba ki shan shayi sai kin naɗe shimfiɗa, ba ki kwanciya sai kin kwashe kwanuka. In ɗaya na sa kaya, ɗaya ya zauna ya naɗe ƙafa. Kwanakin farko cokali ya ɓata sai rai ya ɓaci. A rana ta huɗu muka zauna muka raba aiki, kowane kaya muka ba shi mazauni. Shi ruwa da mai da duba hasashen yanayi, ni girki da shimfiɗa.

Usman: Daga nan safiya ta zama abin da na fi so. In cika jarka, in goge gilashi, in dawo in tarar ruwa ya tafasa. A Jökulsárlón, wani tafki mai cike da ƙanƙara, haka muka zauna a bakin ƙofa da kofunanmu, manyan curin ƙanƙara suna wucewa a hankali zuwa teku.

Maryam: Za ku sake?

Hauwa: In Allah ya yarda. Amma wannan karon da jarka biyu, kuma rabin kayan da na ɗauka a gida zan bar su.