Na'urar GPS ta Hannu: Me Take Yi da Wayarka Ba Ta Yi?

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya yi noman shinkafa a fadamun Argungu, Suru ko Bunza a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai taɓa ganin irin wannan 'yar na'ura da ke tafin hannuna ba. Ita ce malamin gona ke riƙewa ya bi iyakar gona da ƙafa, ya zagayo ya dawo inda ya tashi, ya danna maɓalli ya ce gonar hekta ɗaya ce da kwata, ko da kuwa mai ita ya shekara ashirin yana kiranta hekta biyu. Da awon gona muka fi saninta a nan, musamman tun bayan da aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. Amma mafi yawan masu sayenta a ƙasashen waje masu tattaki ne a daji da kan duwatsu, da kuma masu wani wasa na neman ɓoyayyen akwati da ake kira jiyokashin.

Mutane da yawa na zaton sai da layi ko data take aiki, alhali ba ta da wurin sa sim ma. Sauraro kawai take yi. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta fara shirin GPS, wato tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam, a 1973, aka harba tauraron farko na shirin a 1978, tsarin ya kammala a 1995. A yau akwai taurari kimanin talatin da ke kewaya duniya sau biyu a kowace rana, a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar inda yake da kuma lokacin da ya aiko saƙon. Na'urar na auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa. Tunda saƙon na gudun haske ne, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai kauce da kai mita 300, shi ya sa take buƙatar taurari huɗu aƙalla: uku su tsayar da wuri, na huɗu ya gyara agogonta mai araha. Saboda haka a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara, babu abin da ya taɓa wannan na'ura, domin ba ta san da zaman turken sabis ba.

Wayarka ma haka take. A cikinta akwai mai karɓar saƙon taurarin, kuma idan ka riga ka sauke taswira, za ta nuna maka inda kake ko da babu sabis. Don haka tambayar da ta kamata mai kuɗi a hannu ya yi ita ce: me zan ƙara samu idan na sayi na'ura ta daban? A ganina abu uku ne, batir, ƙarko da maɓallai, kuma daidaiton awo, wanda 'yan kasuwa suka fi zuzutawa, ya zo ne a bayansu.

Kasuwar a yanzu kusan ta kamfanin Garmin ce, wanda Gary Burrell da Min Kao suka kafa a 1989, shekarar da kamfanin Magellan ya fito da NAV 1000, na'urar hannu ta farko da aka sayar wa jama'a. Wadda aka fi gani a ƙasar nan ita ce eTrex, musamman eTrex 10 mai ruwan ɗorawa da ta fito a 2011. A 2019 aka fitar da eTrex 22x da 32x masu allo mai launi da taswira, waɗanda batir AA guda biyu ke kai su kimanin awa 25. Masu amfani da su na yaba musu da cewa suna faɗuwa a kan dutse a ɗauka a ci gaba da tafiya, kuma allonsu yana ƙara fitowa ne idan rana ta take, saɓanin na waya da sai ka yi masa inuwa da tafin hannu. Ƙorafinsu kuwa shi ne allon ƙarami ne, inci 2.2, taswira na jan ƙafa idan ana matsar da ita, sannan rubuta suna da ɗan sandan da ke gabanta aiki ne na mai haƙuri. Akwai wani bambanci da mai saye ke yawan ganowa bayan ya biya kuɗi: 32x na da kamfas na lantarki da ma'aunin tsayin wuri daga teku, 22x ba ta da su, don haka idan ka tsaya cak kibiyarta ba ta san inda ka fuskanta ba har sai ka taka 'yan taku.

Sabon abin da ya fi jan hankali ya zo ne a 2023. A shekarar ne aka fito da eTrex SE, wadda kamfanin ya ce batir AA biyu na kai ta awa 168, wato mako guda cur dare da rana, a kan farashin kusan dala 150. An samu wannan ne ta hanyar komawa allon baƙi da fari da kuma jingine cikakkiyar taswira, sai dai a haɗa ta da manhajar waya idan ana son ganin hanyoyi da garuruwa. Daga baya a shekarar aka kawo eTrex Solar mai cajin kanta da hasken rana, abin da ba mu da ƙarancinsa. A ɓangaren manya kuma akwai GPSMAP 67, da ta fito a kan kimanin dala 500, wadda batirinta na ciki ke kai awa 180. A nan ne ra'ayin masu amfani ya rabu biyu. Wasu sun ji daɗin rabuwa da sayen batir, wasu kuma suna cewa na'urar da ba a cire batirinta ta zama waya ke nan, ranar da ya mutu a daji magana ta ƙare. Ni ina tare da na biyun. Wanda ke zaune inda wutar lantarki ke zuwa a matsayin baƙuwa ya san darajar abin da za a sayo wa batir a teburin mai shago a kowane ƙauye, ko da yake batiran nan masu arha na tocila ba sa jimawa a cikinta, gara masu ƙarko da ake kira alkaline ko masu caji.

Game da daidaito, sababbin na'urorin ba taurarin Amurka kaɗai suke saurare ba, suna haɗawa da GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin. Tun daga GPSMAP 65 da 66sr a 2020, manyan cikinsu na karɓar saƙo a kan zango biyu, irin zangon rediyo, a lokaci guda. A fili irin na fadama wannan ba ya canza abu mai yawa, domin ko tsohuwar eTrex tana kawo ka cikin mita uku zuwa biyar. Hadari, ruwan sama da hazon hunturu ba sa tare saƙon. Abin da ke rikita shi dutse ne da dogon gini da duhuwar itatuwa. Wanda ya tsaya a gindin dutse irin na Kwatarkwashi, ko a kwazazzaɓo tsakanin tsaunukan Zuru, dutsen ya rufe masa rabin sama, sauran saƙon kuma yana bugun dutsen ya dawo a makare, sai ka ga alamarka na yawo a allo kai kuwa kana tsaye. A irin wannan wuri ne zango na biyu ke biyan kuɗinsa. Taswirar da ke zuwa a ciki kuwa kada ta ruɗe ka, domin an fi cika ta da bayanan Turai da Amurka. A yankinmu za ka iya samun babban titi da kogi, amma burtali da hanyar ƙafa sai dai ka zana su da sawunka.

Wasan jiyokashin yana da ranar haihuwa sananniya. Kafin shekarar 2000 sojojin Amurka na gurɓata saƙon da farar hula ke karɓa da gangan, har kuskure ya kai mita 100. A farkon watan Mayun 2000 gwamnatin Bill Clinton ta dakatar da hakan, kuma ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a kusa da Beavercreek a jihar Oregon ta Amurka, ya sa littattafai, gwangwanin wake da littafin sa hannu a ciki, ya wallafa lambobin wurin a intanet don ya ga ko wani zai gano shi. Cikin 'yan kwanaki aka gano shi. A watan Satumban shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com, kuma yanzu akwai irin waɗannan akwatuna fiye da miliyan uku a ƙasashe sama da 190, sai dai a Najeriya ba su da yawa. Ƙa'idar ita ce ka sa hannu a littafin, idan ka ɗauki abu ka ajiye wanda ya kai shi daraja, ka mayar da akwatin yadda ka same shi. Ba a haƙa rami, ba a sa abinci, kuma dole a bar tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati. Masu wasan na cewa na'ura tana kai ka bakin wurin ne kawai, mita biyar na ƙarshe aikin ido ne.

Wanda zai gwada shi a nan sai ya yi la'akari da inda yake. Mutumin da aka gani yana leƙe-leƙe a gindin tsamiya, yana tura roba a kogon itace, ba wasa za a fara zato ba. Wani zai ce sammu ake binnewa, wani kuma zai kira jami'an tsaro, kuma a halin da ake ciki ba za a ga laifinsa ba. Haka ma GPSMAP mai eriya a ka, daga nesa kamar oba-oba take, kuma a shingen bincike za ta jawo tambayoyi. Hanyar da ta dace ita ce a fara a harabar makaranta ko filin da aka sani, da izinin mai wurin da sanin mai unguwa, a roba mai nuna abin da ke ciki, a rubuta bayani da Hausa a jikinta. Dajin da ba lafiya kuwa, na'ura ba ta sauya hukuncinsa ba.

Kuskuren da ya fi kama sabon shiga ba na taurari ba ne, na rubutun lambobi ne, kuma ya taɓa kama ni. Wani abokin aiki ya turo mini lambobin wani wuri a Birnin Kebbi daga wayarsa, na arewa ya fara da 12.45. Na'urata kuwa an saita ta a kan digiri da minti, tsarin da 'yan jiyokashin ke amfani da shi, sai na shigar da digiri 12 da minti 45. Amma digiri ɗaya minti 60 ne, don haka 12.45 daidai yake da digiri 12 da minti 27. Wannan ratar ta minti 18 ta kai kilomita 33, shi ya sa kibiya ta dage sai na bar gari na nufi arewa, ni kuma na tsaya a bakin titi ina zargin na'urar da lalacewa. Makamancin haka na faruwa ga mai aiki da tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya, waɗanda aka zana a kan tsarin lissafin lambobin wuri da ake kira ma'aunin Minna, alhali na'urar na zuwa a kan wani tsarin daban mai suna WGS 84, sai a samu saɓanin da ya isa ya jefa mutum gonar maƙwabci.

Idan wadda aka taɓa amfani da ita za ka saya, kada ka biya a cikin shago. Ka sa mata batir, ka fita da ita fili, ka buɗe shafin taurari ka jira, domin wadda ta daɗe a ajiye ko ta zo daga wata ƙasa tana iya ɗaukar mintuna kafin ta gane inda take. Sannan ka buɗe murfin baya ka duba ko tsohon batir ya zubar da farin gishiri a kan ƙarafunan, ka kuma shafa robar da ta zagaye murfin. Alƙawarin da ke jikin kwalin, na jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30, a kan wannan siririyar robar ya rataya, kuma zafin watan Afrilu a Kebbi yana busar da ita har ta tsage.